Idan annoba ta sake rufe jami'a, me delege zai yi da ɗalibin da ya daina barci?

Malam Sanusi (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga maganar da muka ɗage tun makon jiya. Muna son mu rubuta wa su delege, wato wakilan ɗalibai na ajujuwan jami'a, takarda guda, gajera, wadda za su riƙe in wata annoba ta sake sa aka rufe makarantu. Kowa ya tuna 2020: an samu mutum na farko mai korona a Yamai ranar 19 ga Maris, washegari aka rufe makarantu da jami'o'i, ba a koma ba sai 1 ga Yuni. Mako goma ke nan da ƴan kwanaki, cikin tsakiyar bazara, ga azumi ya faɗo ciki. Kuma ba sai korona ba, sanƙarau da kwalara ba baƙi ba ne a jahar Damagaram. Tambayar ita ce, me ke lalacewa a kan ɗalibi in an zaunar da shi haka, me abokinsa zai iya yi mishi, kuma a ina ne hannun aboki ya kamata ya tsaya. Sharaɗin zaure yana nan: ba sunan mara lafiya, ba labarin wani.

Majo Lawali (majo, wato babban ma'aikacin jinya): Wa alaikumus salam. Malam Sanusi, a fara da barci, don shi ke fara karyewa kuma shi ya fi sauƙin gyara. Ranar ɗalibi tana da turaku huɗu: amfi (zauren lacca) da safe, layin resto (gidan cin abincin ɗalibai), sallar jam'i, fada da dare. Rufewar 2020 ta tumɓuke ukun farko lokaci guda, don masallatai ma sai 13 ga Mayu aka sake buɗe su. Dabbar da ba turke kuwa kun san yadda take kwana.

Ku ɗauki ɗalibi a ɗakin haya a Sabon Gari cikin Afrilu. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kwano ya sha rana yana amayar da zafi har tsakar dare. Ya fito da tabarma waje, an ɗora shayi ƙarfe goma, na ɗaya mai ɗaci, na biyu, na uku. Sinadarin kafeyin da ke cikin ganyen yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wato wanda ya sha ƙarfe goma, ƙarfe uku na dare rabin abin yana jikinsa. Sai ya jawo salula, tunda forfen intanet na dare ya fi araha. Ya yi asuba ko bai yi ba, ya kwanta sai azahar. Kwana goma a haka dare ya koma rana, sai ka ji yana cewa kansa ya yi nauyi, karatu ba ya zama, zuciyarsa na bugawa.

Abin da za a sa a takarda:
Lokacin tashi ɗaya kullum, ko da daren bai yi kyau ba. Wannan shi ne turken, ba lokacin kwanciya ba. Barci ba a tilasta shi, tashi kuwa ana iya tilastawa.
Bayan asuba a fito fili a sha hasken safe, minti 20 zuwa 30. Haske ne ke saita agogon jiki.
Shayi, Nescafé da goro su tsaya daga la'asar.
Barcin rana kada ya wuce minti 30, kuma kafin ƙarfe uku.
In ya kwanta kamar minti 20 barci bai zo ba, ya tashi daga shimfiɗar, ya zauna wani wuri ba salula, sai idonsa ya yi nauyi ya koma. In ba haka ba ƙwaƙwalwa za ta haddace cewa tabarma wurin saƙa da warwara ce.
Matashi na bukatar awa 7 zuwa 9. Gyaran yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, kuma kwana ukun farko sun fi wuya. A gaya musu haka tun farko, don a nan ne mafi yawa ke sakin hanya.

Mutari: Majo, da girmamawa, amma kun fara gini daga rufi. Ɗalibin da aka rufe wa resto, bursi (alawus ɗin ɗalibai) bai faɗo ba, mai gida na ƙwanƙwasa ƙofa, iyakar Najeriya a rufe kayan abinci sun hau, wannan ba shayi ne ya hana shi barci ba. Mai yunwa ba a ce mishi ya sha hasken safe. Ina tsoron kada takardar nan ta zama hanyar ɗora wa yara laifin abin da ba su suka jawo ba.

Dakta Cima: Mutari, ba ka yi ƙarya ba, kuma ba sai mun zaɓi ɗaya ba. A tsarin da OMS, Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fitar mai suna PM+, wanda aka yi don wuraren da ba likitocin ƙwaƙwalwa da yawa, zama biyar ne, mako-mako, kowane kamar minti 90, kuma babban ɓangarensa warware matsalar duniya ne, irin wadda ka lissafa. Ga yadda ake yi, delege ma zai iya da takarda da biro.

A rubuta duk abin da ya dame shi. A raba gida biyu: wanda yake da hannu a kai, da wanda ba shi da. Ranar buɗe jami'a ba ta hannunsa. Kuɗin haya kuwa akwai abin yi. A ɗauki guda ɗaya tak, kuma kada a fara da mafi girma. A rubuta shi a takaice yadda za a iya auna shi: "ba ni da kuɗi" ba matsala ba ce da za a warware, amma "ina bukatar jika takwas kafin 5 ga wata" matsala ce. Sai a zubo dabaru ba tare da tacewa ba: a roƙi mai gida ya karɓi rabi, a haɗe ɗaki da wani a raba haya, a kira kawu ya turo ta Nita, a nemi koyar da yaran maƙwabta biyu a zaure. A zaɓi ɗaya ko biyu, a sa rana da sa'a. Bayan mako a duba.

Inda abin ke ɓaci wuri biyu ne. Mai taimako ya zaɓar mishi dabara, sai ya ce to don kunya, ba ya yi. Ko kuma a rubuta mataki mai girma kamar "neman aiki". Wanda damuwa ta danne ba ya iya ɗaga babban dutse. "Gobe ƙarfe tara zan kira wane" shi ne girman matakin da ya dace.

Amma barcin ma kada a raina shi. Wanda ya kwana uku bai runtsa ba, ko kiran kawun ba zai iya shiryawa ba.

Mutari: Na karɓi wannan. To a ƙara a takardar cewa aikin farko na delege lissafi ne: wa ya koma gida, wa ya maƙale a gari, wa ba shi da abin ci. Waɗanda suka zo daga nesa, Diffa, Agadez, Tawa, ko ƴan Cadi, su ne rufewa ke kamawa ba dangi kusa. Tukunya ɗaya ta mutum biyar, kowa dala arba'in a rana, ta fi kowa ya ci garin rogo shi kaɗai a ɗaki. Kuma cin tare yana nuna maka wanda ya daina zuwa.

Majo Lawali: Wannan jimlar ta ƙarshe a ja mata layi.

Nana Hadiza: Ni ɓangaren karatu zan taɓa. Abin da ya fi cinye ɗalibai ba yawan darasi ba ne, rashin sanin ranar jarrabawa ne, da tsoron shekara ta tafi a banza. Sai a shiga zaurukan WhatsApp, wannan ya ce an soke zango, wancan ya turo takardar ƙarya mai hatimi. Dokar da nake ba da shawara: delege ya buɗe zaure ɗaya na sanarwa wanda shi kaɗai ke rubutu, ba ya sa komai sai abin da ya fito daga hukumar jami'a, kuma ko ba labari ya rubuta "yau ba sabon abu" a sa'a ɗaya kullum. Shirun da ba a san ƙarshensa ba shi ke haifar da jita-jita. Labarin annoba kuma sau biyu a rana ya isa, minti goma-goma, a rediyo ko wata kafa guda da aka yarda da ita. Ƙirga gawarwakin Italiya da Amurka ƙarfe biyu na dare bai taɓa kare kowa a Garin Malam ba.

Karatun kansa: daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma, kafin rana ta buɗe. Minti 25 zuwa 30 ana karatu, minti 5 a miƙe, sau huɗu. Awa biyu ke nan na gaske, sun fi wuni guda ana riƙe da takarda ido na kan salula. Bayan kowane yanki a rufe littafin a faɗi abin da aka karanta da ka ko a rubuta. Maimaita karantawa yana sa mutum ya ji kamar ya iya, ranar jarrabawa ya tarar ba komai.

Batun forfe: mutum ɗaya ya sauke darussa da dare, da safe ya raba wa sauran ta Xender ko Bluetooth, ana karɓa-karɓa. Ta haka mutum biyar ba sa kwana zaune don araha. Malamai kuma mu rage bidiyo, saƙon murya na minti biyar da PDF mara nauyi sun fi isa ga wanda ke ƙauyen Tanut ko Magarya yana hawa tudu neman rezo.

Malam Habu: Allah ya saka. Ina da gyara kan harshe kafin a ci gaba. Ku masu asibiti in kun ce "lafiyar ƙwaƙwalwa", uwa a Birni abin da take ji shi ne ɗanta ya haukace. Daga nan ta rufe ƙofa. Mu kuma a namu ɓangaren akwai masu gaggawar cewa ƙarancin imani ne ko iska ce. Duka biyun suna korar yaro. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Kuma hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Saboda haka addu'a, azkar da karatun Alƙur'ani a riƙe su, su ma turaku ne, salloli biyar sun raba rana gida biyar ko masallaci na rufe. Amma malamin da aka kawo wa yaro yana zazzaɓi yana sambatu ya ce a bar shi kwana bakwai ana tofi, ya ɗauki alhaki.

Akwai kuma abin da na ga ba ku ambata ba: waswasi. Annoba ta zo da "wanke hannu, wanke hannu", ta tarar da masu waswasin alwala, abin ya haɗu. A fiƙihunmu na Malikiyya wanda shakka ta aure shi umarnin da aka ba shi shi ne ya yi watsi da ita, kada ya sake. Ban sani ba ko ya dace da naku.

Dakta Cima: Ya dace ƙwarai, Malam, kamar an auna. Maganin da muke yi shi ne mutum ya bar shakkar ta zauna ba tare da ya sake wankin ba. Fargabar tana hawa, ta kai ƙololuwa, ta sauka da kanta. Duk lokacin da ya sake, ya samu sauƙi na minti biyu, ya kuma ƙara wa ciwon ƙarfi. Wankin hannu da sabulu daƙiƙa 20 zuwa 40 ne, sau ɗaya. Ma'aunin da delege zai riƙe: in wanki ko maimaitawa na cin fiye da awa guda a rana, ko fatar hannu ta tsattsage, ko sallah na fita lokacinta saboda alwala, wannan na asibiti ne. Kuma aboki ya daina amsa "ka tabbata na wanke?" sau goma. Amsar ita ma abincin ciwon ce.

Hajiya Rabi (farmasi): Sannunku. Ni abin da ke hana ni sakewa tramol ne, don rufewa da zaman banza sun buɗe mishi kasuwa, lokacin komawa kuma da aka matse darussa aka jera jarrabawa, sai ya zama "maganin karatu". A fahimci lissafin. Na farmasi ƙwaya ɗaya miligiram 50 ce, kuma iyakar da likita ke bai wa babba a rana 400 ce. Na kan tebur akwai mai 120, mai 200, mai 225. Guda biyu na 225 sun riga sun tsallake iyaka. Abin da ke biyo baya farfaɗiya ce, ko ga wanda bai taɓa yi ba, da danne numfashi in an haɗa da diazepam ko giya.

Wanda ya saba kullum kada a ce ya yar dare ɗaya. Cikin kwana ɗaya zai fara zufa, ciwon jiki, zawo, rashin barci, fargaba mai tsanani, sai ya koma ya ninka. Ragewa ake yi sannu a hannun likita. Delege kuma ba ɗan sanda ba ne, in ya fara da barazanar tona asiri ya rasa yaron.

Diazepam ɗin da ake saye don barci shi ma tarko ne. Likita ma ba ya son ya wuce mako biyu zuwa huɗu, saboda jiki na sabawa.

Abu na uku mai muhimmanci: in likita zai rubuta maganin ciwon damuwa, fluoxetine ko amitriptyline, dole a gaya mishi gaskiya in ana shan tramol. Haɗuwarsu na ƙara haɗarin farfaɗiya da wani rikicin jiki mai zazzaɓi da karkarwa. Kunya a nan tana iya kisa.

Mutari: Hajiya, su waɗannan na likitan ba su da sabo? Yara da yawa tsoron da suke yi ke nan, kada su zama ƴan ƙwaya da takarda.

Hajiya Rabi: Ba sa sa maye, ba sa sa kwaɗayin ƙari kamar tramol. Matsalarsu daban ce: jinkiri. Fluoxetine ana farawa da miligiram 10 zuwa 20 da safe, amfanin ba ya bayyana sai mako biyu zuwa huɗu, wani har shida, alhali tashin zuciya da ciwon kai su ke fara zuwa a makon farko. Sai yaro ya ce bai karɓe shi ba ya ajiye. Kuskure na biyu, ya ji sauƙi wata biyu ya daina. Ƙa'idar mhGAP, littafin jagorar OMS kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ita ce a ci gaba wata 9 zuwa 12 bayan an warke, sannan a rage a hankali. Makonnin farko kuma a riƙa leƙa matashi sosai, don wasu hankalinsu kan ƙara tashi kafin ya kwanta. Amitriptyline ya fi araha, da dare ake sha, amma yawansa na taɓa zuciya, shi ya sa ba a danƙa wa mai tunanin kashe kansa na wata guda a hannu. Wani amintacce ke riƙewa.

Malam Sanusi: To mun zo gaɓar. Dakta, Majo, ina iyakar? Yaushe delege zai ce wannan ya fi ƙarfina?

Dakta Cima: Damuwa a lokacin annoba ba cuta ba ce, amsa ce ta mai hankali. OMS ta ce a shekarar farko ta korona ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya, amma mafi yawan mutane sun jigata ne suka miƙe da kansu. Abin da ke raba su biyu: tsawon lokaci da tsayawar aiki. Mako biyu cur, kusan kullum, mutum na cikin ƙunci ko ya daina jin daɗin abin da da yake so, har ya kasa wanka, ci, karatu ko fita, to a kai shi.

Tambaya biyu sun isa delege: "Cikin mako biyun nan, kwana nawa ka ji ba ka sha'awar komai?" da "Kwana nawa ka ji ranka a ɓace ko ka yanke ƙauna?" Ko kaɗan sifili, wasu kwanaki 1, fiye da rabi 2, kusan kullum 3. In jimla ta kai 3, a tura shi wurin ma'aikacin lafiya ya cika mai tambaya tara, PHQ-9, wadda makinta ke tashi daga 0 zuwa 27, daga 10 ake ɗaukar abin da muhimmanci, daga 20 ya yi tsanani. Ita ma ba ta yanke hukunci, tankaɗe ce kawai.

Majo Lawali: Dakta, a nan ina da ja. Ɗalibinmu ba ya zuwa ya ce ransa a ɓace. Cewa yake kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, ƙirjina ya riƙe, idona ba ya ganin rubutu. Namiji musamman, ka tambaye shi ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. In delege ya tsaya kan tambaya biyun nan zai ba rabin marasa lafiya sifili. Ni na fi yarda da ido: ya rame? ya bar fada? kayan jikinsa na kwana nawa ne? yana amsa kira? Sannan kafin a ce damuwa ce a auna jiki. Zazzaɓin sauro, taifot da ƙarancin jini duk suna kawo kasala da bugun zuciya, ga ƴan mata masu zubar jini da yawa a al'ada, ga masu sikila. Gwajin zazzaɓin sauro a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, minti 15 zuwa 20 ne. Kada a zaunar da mai ƙarancin jini ana mishi nasiha.

Dakta Cima: Ban musa ba. A sa duka biyun, a fara da na ido da na jiki, tambayoyin su biyo baya. Kuma a shiga ta ƙofar barci: "Yaya barcinka kwanan nan?" ba wanda ke jin kunyar amsa ta. Ba a cikin fada ba, a kan hanya, kuna tafe kafaɗa da kafaɗa. Maza sun fi magana in ba a kallon idonsu.

Yanzu waɗanda ba a jira mako biyu, ranar ake tafiya Babban Asibitin Zinder ko CSI mafi kusa:
Zazzaɓi da ruɗewa, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya. Wannan sanƙarau ne ko zazzaɓin sauro da ya hau kai har sai an tabbatar ba su ba ne, kuma sa'o'i ake ƙirgawa.
Jin muryoyi, zargin ana bin sa ko an sa mishi guba, magana ba kan gado. Irin wannan ciwon yakan fara ne daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa ashirin da wani abu, daidai shekarun jami'a, kuma da wuri aka fara magani da kyau ake warkewa.
Kwana uku ko huɗu ba barci kuma ba gajiya, surutu, rabon kaya, manyan shirye-shirye.
Maganar mutuwa: "gara ba ni", yafe-yafe ba dalili, rabon littattafansa.

A kan na ƙarshen, a tambaya kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta dasa tunanin, an bincika wannan sosai, sauƙi ma take kawowa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna, maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin, a kira babba, a tafi tare. Kada a yi mishi alkawarin rufe sirri a kan wannan.

Malam Habu: Kuma kada a buɗe da wa'azin wuta a wannan sa'ar. Ya san hukuncin, ba jahilci ne ya kai shi nan ba, ciwo ne. Zauna, saurara, riƙe hannunsa. Nasiha tana da ranarta.

Nana Hadiza: Dakta, saura abin da ake gani a amfi bayan komawa, yarinya ta kama ƙirji tana haki, hannu ya ƙage, aji ya watse ana a'uziyya. Lokacin korona kowa cewa yake cutar ce ta kama ta.

Dakta Cima: Firgici ne mai zuwa farat ɗaya. Yana kai ƙarshen ƙarfinsa cikin kamar minti 10, ya lafa cikin rabin awa. Hakin ne ke fitar da iskar kabon da yawa daga jini, shi ke sa yatsu da leɓe su yi kamar ana tsira musu allura, hannu ya ƙage, kai ya juya. Mutum ɗaya ya zauna gabanta, sauran su ba da wuri. A sassauta abin da ya matse, murya ƙasa-ƙasa. A sa hannunta kan ciki, a ja numfashi ta hanci ana ƙirga uku, a saki ta baki ana ƙirga uku ko huɗu, kai ma kana yi tare da ita don ta kwaikwaya. Kada a ce "ja numfashi da ƙarfi", wannan ƙara wuta ne. Ba jakar leda a baki, ba watsa ruwa, ba hayaƙi. In na farko ne, ko tana da asma ko ciwon zuciya, ko akwai zazzaɓi da tari, ko leɓe ya canja launi, asibiti. Numfashin nan kuma a koye shi lokacin lafiya, minti 5 safe da yamma, don ranar tsoro ba a koyon sabon abu.

Kuskuren da ke biyo baya shi ne a ce ta huta da zuwa amfi. Gujewa na ƙara tsoron. Ta koma washegari, ta zauna kusa da ƙofa, da ƙawa a gefe.

Hajiya Rabi: Tunda an zo kan ƴan mata: wadda ta koma gida ba hutu ta je ba. Daka, girki, ga neman ruwa, kun san Zinder da bazara, jarka a layi tun dare. Salula ma wani lokaci a hannun yaya take. Sannan zama ya yi tsawo sai a fara "tunda makaranta ta tsaya". Saboda haka kowane aji a samu delege mace, kira kuma ya zama a sa'ar da yarinyar ta zaɓa. Tambayar farko: "Za ki iya magana yanzu?" In ta ce a'a, a gaisa a kashe.

Mutari: To iyaye fa? A gaya musu ko kada a gaya? Wani uban jin haka zai ce boko ne ya taɓa shi, ya tattaro shi gida, karatu ya ƙare.

Majo Lawali: In ba haɗarin rai, shawarar ɗalibi ce, balagagge ne. A tambaye shi wa ya yarda da shi a dangi, sau da yawa ba uba ba ne, inna ce ko kawu ko babbar yaya. In akwai haɗarin rai dole babba ya sani, amma a gaya wa yaron tukuna cewa za a kira, a bar shi ya zaɓi wa. Wajen faɗa kuma a yi amfani da abin da aka gani: ba ya barci, ba ya ci, ya rame, likita na son ganinsa. Kalmar taɓin hankali kada ta fito daga bakin delege, ba aikinsa ba ne sa wa ciwo suna.

Dakta Cima: Shi delegen ma a sa mishi iyaka a rubuce. Mutum biyar zuwa shida ga mai kira ɗaya, kira biyu a mako, minti goma. Aji mai ɗari biyu a raba shi rukuni-rukuni, kada mutum ɗaya ya ɗauka. Bayan ƙarfe goma na dare ya kashe, sai dai a san lambar gaggawa guda da ake karɓa-karɓa. Kuma kada a rubuta sirrin kowa a WhatsApp, hoton allo ba ya da wuyar yawo.

Malam Sanusi: Madalla. Nana Hadiza za ta haɗa daftarin Faransanci, ni na Hausa, shafi ɗaya gaba da baya. Gaba: lissafin Mutari, barci, karatu, numfashi. Baya: alamomi huɗu na tafiya asibiti da gurbin da kowane delege zai rubuta lambar majon CSI na unguwarsa da ta mai kabu-kabu guda da ke amsa kira da dare. Majo, lissafin tramol ya shiga ko a bar shi?

Majo Lawali: Ya shiga, amma ba adadin miligiram, kada wani ya karanta 400 ya ɗauka izini ne. A rubuta kawai: yana kawo farfaɗiya, ba a daina shi dare ɗaya, a gaya wa likita. Hajiya, in kin yarda.

Hajiya Rabi: Na yarda. A ƙara diazepam a layin.